Gidan Kaset da Babu Zare a Ciki

Ku da kuke gyaran waya a layin nan namu na Mansur, nan cikin Makka, kun raina sana'ata, kuma ba ku ɓoye ba. Jiya ma wani a cikinku ya leƙo ya ce, "Ya ammi Haruna, wallah shugulka sahal ne, noti biyar da zare, khalas." Wai aikina ba wuya. Na yi dariya, don ni ma haka na ɗauka ranar da aka kawo ni. Ku dai ciro gilashi kuke ku manna wani, in abin ya gagara ku goge komai ku ce wa mai waya ya yi haƙuri. To ku matso. Kun sha tambayata wancan gidan kaset da ke rataye a ƙusa, wanda babu zare a cikinsa, me yake yi a nan shekara da shekaru. Amanar wani bawan Allah ce na ɓatar. Da farko kuskure ne, daga baya kuma da gangan na rufe bakina.

A Makka aka haife ni. Kakana ne ya taho daga Kano a ƙafa, ya bi ta Sudan, ya zo bai koma ba. Ina da shekara goma sha huɗu babana ya kamo hannuna ya kawo ni wannan shagon wurin Mu'allim Isa, wani Basakkwace mai gajeren haƙuri da dogon yatsa. Shekara biyu bai bar ni na taɓa kawiya ba, wato ƙarfen nan da ake narka dalma da shi. Aikina auduga da sifirit: in goge kan rikoda, in goge tayar roba, in kaɗe kyankyasai daga cikin rediyon mutane. Wata Hajiya mai waina ta taɓa kawo rikodarta wai aljanu sun shiga, liman yana karatu kamar mai jin barci. Na buɗe na tarar man gyaɗa ya jiƙa bel ɗin har ya saki. Mu'allim ya sa na wanke shi sau uku, ya ce in na ƙara cewa "an gama" ban saurara da kunnena ba, sai ya mayar da ni gidanmu.

Kaset na farko da ya yarda na ɗinke na wani lebura ne ɗan Damagaram. A lokacin mutane ba su da waya, wasiƙa a kaset ake yi. Uwa ta zauna a ƙauye ta yi magana, a ba alhaji ya taho da shi. Wannan mutumin rikoda ta tauna masa muryar tsohuwarsa, ya shigo da zaren a tafin hannu kamar taliya. Ga yadda ake yi: ka kwance noti biyar, ka ɗaga murfin a kwance don kada ƙwaryar zaren ta warware, ka miƙar da inda ya yamutse da bayan farce, a hankali. Inda ya tsinke ka haɗa bakin biyu ka yanka da reza a karkace, ba a miƙe ba, don in ka yanka a miƙe za a ji ƙas duk lokacin da ya wuce. Sai ka manna siririn salatif ta baya, ba ta gefen da sauti yake ba. Masu ganganci jan farcen mata suke shafawa, bayan wata biyu zaren ya manne gaba ɗaya. Da na gama na kunna, tsohuwar ta ci gaba da lissafa masa waɗanda suka haihu, mutumin ya zauna a ƙasa bai ko nemi kujera ba.

Akwai doka ɗaya da Mu'allim yake maimaitawa har na gaji da ji. A saman kowane kaset akwai 'yan ƙananan roba biyu, mu haƙora muke ce musu. In suna nan, ana iya ɗaukar sabon abu a kan tsoho ya shafe shi. In ka karya su, rikoda ba za ta yarda ba. To idan gidan kaset ya fashe ka mayar da zaren cikin sabon gida, sabon yana zuwa da haƙoransa, kuma fari fat yake babu rubutu. "Kak ka aje shi sai ka karye haƙoranai," in ji Mu'allim, "ko gobara ta kama shagon." Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Wata ranar Talata ina fama da amfilifayar wani ƙaramin masallaci na Utaibiyya. Da na ɗaga murya sai ta kama kuka, irin ƙarar nan mai huda kunne. Na canza waya, na canza makirfo, a banza. Sai wani dogon mutum fari, mai gemu ja-ja, ya tsaya a ƙofa riƙe da ledar burodi. Ya shigo ba sallama mai kyau, ya juya lasifikar ta kalli bango, ya murɗa maɓalli ɗaya baya kaɗan. Kukan ya ɗauke ɗif. Ya ce da Larabcinsa na littafi, wanda babu mai yin irinsa a kasuwa, "Ya akhi, na'urarka lafiyarta ƙalau. Tana jin muryar kanta ne."

Yusuf ke nan. Ɗan Ajantina ne, ƙasar da ku ƙwallo kaɗai kuka sani a kanta. Ya musulunta, ya zo koyon Larabci a nan Makka. Kafin nan shi ne mai haɗa sauti na wasu makaɗa huɗu masu jita da ganga, irin kiɗan nan mai ƙarfi da ake kira rok, amma da Sifaniyanci suke rerawa. Sunansu ya faɗa mini ya fi sau ashirin, harshena bai taɓa juya shi daidai ba, don haka ba zan ɓata shi a gabanku ba. Ya ce kafin su, samarin ƙasarsu sun ɗauka wannan kiɗan sai da Turanci yake yiwuwa. Su suka fara yin sa da harshen da ake ciniki da shi a kasuwa, suna faɗin abin da mutane ke tsoron faɗa a fili. Bayan su kowace unguwa sai da ta yi nata makaɗan, har ƙasashen maƙwabta. Ni dai ban ga abin burgewa ba a lokacin. Na ce masa, "Yanzu duk wannan hayaniyar ka baro, alhamdu lillahi." Ya ce alhamdu lillahi, amma bai yi dariya ba.

Masallacin nan na Utaibiyya shi ne aikin farko da muka yi tare. Ni a sanina, in ana so a ji liman sai a sayo manyan lasifika biyu a ƙure murya. Yusuf ya sa aka fitar da kowa bayan la'asar, ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya, ya rufe ido yana jin yadda ƙarar take dawowa. Ya matsa kusurwa ya sake tafawa. Ladan ya kalle ni, na kalli ƙasa. Daga nan ya ce a sauke manyan, a sa ƙanana shida a jere, kowace ta sunkuyo tana kallon mutane, a rage murya, a rage kauri. Sannan ya tura ni sahun ƙarshe, jikin ƙofa inda ake ajiye takalma, ya ce in faɗa masa ko ina bambance harafin sin da sad.

Na tambaye shi inda ya koyi wannan. Ya ce mawaƙinsu ne ya ɗora masa. Mutumin ba ya yarda a fara wasa sai an tabbatar wanda yake can baya, wanda ya sayi tikiti mafi araha, yana jin kowace kalma, don a wurinsu kalmomin su ne abin da aka zo ji. Ranar Juma'a wani tsoho Babarbare da kullum yake makara ya tare ni a ƙofa ya ce, "Yau shekara nawa, sai yau na san abin da limamin nan yake faɗa." Daga nan aiki ya buɗe mini. Utaibiyya, Misfala, nan Mansur, ƙananan masallatai da ɗakunan ɗaurin aure ban san iyakarsu ba. Waɗanda suka koya a hannuna ma haka suke yi, su tafa, su koma baya su saurara. Babu wanda ya san daga wurin wasu masu jita abin ya fito. Da na faɗa wa limamai a lokacin, da wataƙila sun sa an sauke lasifikan.

Mun fi shekara biyu tare kafin ya kawo kaset ɗin. Ya ciro shi daga cikin safa, gidan ya tsage, zaren ya tsinke a wuri biyu. A jikinsa akwai rubutun biro da harshensu. Ya ce ranar da makaɗan nan suka fara haɗuwa a garejin babansa ya ɗauka, tun ba wanda ya san su. Mai ganga a ranar ƙanensa ne. Yaron ya rasu a hatsarin babur kafin su fitar da faifai ko ɗaya, aka sa wani a madadinsa. Duk duniya babu inda hannunsa ko muryarsa suka rage sai a nan.

"Na daina sauraren kiɗa, ya Harun," in ji shi. "Amma tsakanin waƙa da waƙa yana magana. Yana dariya. Shi nake so."

Na ce, "A kaina da idona, na ɗauki alkawari. Kwana biyu."

Wannan ita ce muguwar shekarata. Mu'allim Isa ya rasu wata biyu kafin aikin Hajji, ya bar ni ni kaɗai a shago. Kaset marar komai ya yi wuya a gari, 'yan kasuwar Jidda kullum sai su ce kaya suna hanya. Ga alhazan Najeriya da Nijar sun cika Misfala, kowa yana neman kaset ɗin wani malami da yake bayanin aikin Hajji da Hausa, daga ihrami har ɗawafin bankwana. Ina da injin da yake kwafar uku a lokaci ɗaya, ba ya hutawa. Duk kaset ɗin da na gani fari mai haƙora, cikin injin yake faɗawa.

Na Yusuf kuwa na yi masa aikin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na ɗinke wuri biyun, na mayar da zaren cikin sabon gida mai kyau, na sa abin kunne na saurara daga farko har ƙarshe don in tabbatar. Kiɗan bai shige ni ba, sai dai gangar. Yaron yana da wani salo, bugu uku a jere, ya ɗan dakata kamar ya manta, sannan ya sauke na huɗu da ƙarfi. A wani wuri wani abu ya faɗi, ya fashe da dariya, ya kira yayansa da tsohon sunansa, Hose, yana jan ƙarshen. Ina ɗaure noti na biyar aka kira azahar. Kun san a lokacin ba wasa, ana kiran salla ake rufe shago, in ka yi jinkiri a rufe maka. Na ce in na dawo na karya haƙoran in rubuta suna. Na ajiye shi a kan tebur na ja ƙofa.

Da na dawo alhazai sun fi ashirin a ƙofar shago, motarsu tana jira. Na shiga kwasa ina zubawa a inji, ina cirewa ina miƙawa. Sai washegari da safe, da na jawo aljihun tebur na ga tsohon gidan da rubutun Yusuf, sannan na tuna da kaset ɗinsa da na bari a kan tebur. Na kwashe shagon kaf, har ƙarƙashin firij. Babu.

Abu ɗaya ya rage mini. Bayanin malamin awa ɗaya ne, kaset ɗin Yusuf kuwa na awa ɗaya da rabi ne. Ke nan a ƙarshen kowane gefe akwai kusan kwata da injin bai taɓa ba. Na rufe shago a tsakiyar kasuwar shekara, na shiga gidajen alhazai na Misfala bene-bene ina tambaya wa ya sayi kaset a Mansur jiya. Na ce zan ba da biyu a karɓi ɗaya. Wasu suka ɗauka ɗan damfara ne, wata tsohuwa ta ce in fita ko ta yi mini ihu. Na samo goma sha ɗaya, na saurari ƙarshen kowanne, shiru. Kwana biyu bayan nan aka fita Mina, daga can kowa ya kama hanyarsa. Har yau nakan yi tunanin wani alhaji a wani ƙauye, malam ya shafa fatiha, sai ga ganga da dariyar wani yaro da baƙon harshe. Wataƙila ya yi a'uziyya ya jefar.

Bayan Hajji Yusuf ya zo. "Ya Harun, khalas?" Na ce saura kaɗan, gobe in sha Allah. Ya dawo, na ce salatif mai kyau ya ƙare. Sau huɗu ina juya shi, mutumin da ya buɗe mini hanyar abincina. A na biyar shi ya riga ni magana. Ya ce an aiko mahaifiyarsa ba lafiya, jibi zai tafi.

"Ka riƙe shi a wurinka," in ji shi. "In na tafi da shi kullum zan riƙa kunnawa, ba zan iya ba. Gara ya zauna a Makka. Zan dawo in karɓa."

Wallahi daɗi na ji, kuma wannan daɗin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata. Ya rungume ni ya tafi. Sau biyu ya aiko wasiƙa, sau biyu na amsa cewa amanarsa tana nan lafiya. Daga baya wasiƙu suka yanke, kaset ya mutu, faifan CD ya zo shi ma ya mutu, na koma gyaran amfilifaya da 'yan tsofaffin rikodan da masu su ba sa iya rabuwa da su.

Bara, cikin watan Rajab, wata mata da mijinta suka tsaya a nan inda kuke tsaye, da hantsi. Sun zo Umara. Tana riƙe da tsohuwar ambulan mai rubutun hannuna a baya. Tun kafin ta yi magana na gane goshin.

"Kai ne ammi Harun? Ni Maryam ce, 'yar Yusuf."

Larabcin babanta ne a bakinta sak, na littafi. Ta ce ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya yi ta niyyar dawowa Allah bai nufa ba. Na kawo musu shayi. Ta ciro waya ta nuna mini makaɗan nan, sun tsufa kamar ni, furfura ko'ina, a gaban jama'ar da ba a ganin ƙarshenta. Mawaƙin ya miƙa musu makirfo ya yi shiru, su suke rerawa, har da yaran da ba a haifi iyayensu ba lokacin da aka yi waƙar. Ta ce akwai waƙa guda da suka yi wa ƙanen babanta, duk ƙasar an haddace ta, ana sa wa jarirai sunansa, amma babu wanda ya taɓa jin bugunsa. Masu son makaɗan sun yi ta neman wani abu nasa ba su samu ba.

"Ni ba don su na zo ba, ya ammi," in ji ta. "Baba ya ce muryar ƙanensa tana Makka wurin wani Bahaushe mai amana. Ina so in ji ta sau ɗaya."

Na tashi na ciro wancan gidan daga ƙusa na ajiye a gabanta. Na faɗa mata komai, da azahar ɗin, da injin, da Misfala, da wasiƙu biyun. Ban rage ko ɗaya ba. Ta juya shi a hannu tana kallon rubutun babanta ta cikin robar da babu komai a bayanta. Mijin ya fara magana da harshensu, ta ɗaga masa hannu.

"Baba ya sani?"

"Bai sani ba, 'yata."

"Har ya rasu yana cewa yana wurinka."

Na ce na sani. Can ta ɗago ta ce, "Amma kai ka ji shi."

Na ce sau ɗaya. Ta ce yaya yake? Sai na ga sukudireba a hannuna. Ku da kuke zama a nan kun san ƙwanƙwasar da nake yi a kan tebur in ina jiran kawiya ta yi zafi, har kuna kwaikwayona kuna dariya. Uku a jere, a dakata, sannan ɗaya mai ƙarfi. Ban taɓa lura daga ina na samo ta ba sai ranar. Na buga mata. Na faɗa mata yadda abu ya faɗi ya yi dariya, na kira sunan babanta yadda yaron ya kira shi, ina jan ƙarshen. Ta rufe baki da mayafi. Sannan ta kunna wayarta ta ajiye a kan tebur ta ce, "Sake, ya ammi." Na sake sau uku. Abin da ta ƙetare teku ta samu ke nan, tsoho yana dukan tebur da sukudireba.

Da aka kira azahar na ja mijin zuwa masallacin bayan layi, na ce ita ma ta shiga wajen mata ta zauna can ƙarshe. Bayan salla na tambaye ta ko ta ji liman. Ta ce kowane harafi. Na ce to aikin babanki ne, shi kuma daga wurin mutanen nan na cikin wayarki ya ɗauko. Ta daɗe tana kallon 'yan lasifikan da ke jikin bango.

Na miƙa mata gidan kaset ɗin ta tafi da shi, ta ɗauki hotonsa kawai ta mayar mini. Ta ce babanta ya ce a Makka kaset ɗin zai zauna. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don ba hakkinta ba ne. Mai hakkin na ba shi amsar ƙarya sau biyu da hannuna, kuma yanzu babu adireshin da zan aika ta uku.

Don haka in mutum ya miƙo muku waya, kafin ku danna abin da zai goge ta, ku tambaye shi muryar wa ke ciki. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa masa a ranar, yana tsaye a gabanku, ya zage ku ya huce. Ni yanzu a wata ba ya wuce kaset biyu ko uku ake kawo mini, yawanci na iyayen da suka rasu. In na sa zare a sabon gida, ko an tayar da iƙama ba na tashi sai na karya haƙoran nan. Aikin bai kai daƙiƙa biyu ba. Na sha aunawa.